Mu da muka yi gudun 2014: me ya riƙe bangaskiyarku a lokacin?

Malamin makarantar Lahadi, Mubi:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Yaran da aka goya aka gudu da su a 2014 sun girma, kuma sun fara yi mini tambayar da ta fi ƙarfina ni kaɗai: ina Allah yake ranar da aka ci Mubi? Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a watan Agusta, Michika a Satumba, mu kuma ranar Laraba 29 ga Oktoba, rana guda da hedkwatar ikilisiyarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi. Har suna suka sake wa garinmu, wai Madinatul Islam. Duk wanda ya yi wannan gudu, don Allah ya faɗa mana abin da ya riƙe shi. Wa'azi kam muna sha kowace Lahadi. Abin da ya same ku nake so in ji, ko da babu daɗin ji.

Wata uwa daga Michika:
Malam, sannu da ƙoƙari. Ni gudu biyu na yi. Ranar Lahadi aka shigo mana, na hau dutse da yara, maigida ya ce mu yi gaba zai biyo mu. Da kyar muka kai Mubi, ba mu gama hutawa ba aka sake cewa ga su nan. A gudu na biyun bakina ya mutu. In na buɗe shi zan yi addu'a, sai in ji babu komai a ciki, ko "Ya Uba" ba ya fita. Muna tafe cikin gonakin dawa, ƙaramar 'yata tana kuka, ina toshe mata baki da gefen zane don kada a ji mu. Wata tsohuwa da ban sani ba, sanye da zanen Zumuntar Mata irin namu, ta karɓe ta daga hannuna ta goya, ta ce, "'Yata, ke dai ki taka, ni zan yi addu'ar a madadinki." Tana tafe tana yi ƙasa-ƙasa, da Margi, ni kuwa Kamwe ce, rabi kawai nake ganewa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

A Yola kuma harabar majami'ar Katolika ta Saint Theresa ce ta karɓe mu. Ni da tun haihuwata ban taɓa taka cocin Katolika ba! Bishop Stephen Mamza ya buɗe ƙofa, babu wanda ya tambaye ni ɗarikata kafin a zuba mini masara a kwano. Maigida dai har yau shiru. Ban ga gawa ba, ban ji labari ba.

Wani saurayi daga Bayan Dutse, Gwoza:
Mama, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Ni gaskiya tawa shaidar ba irin wadda ake tafa wa a sujada ba ce. A gabana aka kashe yayana. Muka tsallaka Kamaru, aka kai mu sansanin Minawao kusa da Mokolo, fili fetal, rana da ƙura, ga layin jarkoki a bakin famfo tun kafin asuba. Na daina zuwa sujada gaba ɗaya. Duk wanda ya ce mini mai haƙuri yakan dafa dutse, sai in tashi in bar masa wurin. Dutse nawa za mu dafa?

Akwai wani dattijo da tantinsa ke kusa da namu, idonsa ya yi rauni, yakan kira ni in karanta masa Littafi. Don girmansa kawai nake zuwa. Wata rana ya ce in buɗe Zabura 88. Na karanta har ƙasa ina jiran inda mai zaburar zai juya ya yi yabo yadda aka saba, sai na ga bai juya ba, da maganar duhu ya rufe. Na ce, "Baba, an yarda mutum ya yi wa Allah magana haka?" Ya ce, "To, da wa yake maganar?" Daga ranar na koma addu'a, amma ta faɗa ce, ba ta godiya ba. Har yanzu bangaskiyata ɗingishi take yi.

Wata 'yar'uwa daga Lassa:
Ɗan'uwa, gara kai ka samu wanda ya bar ka ka yi fushinka. Ni a gidan da muka raɓa a Jos wani mai wa'azi ya zo ya ce zunubin ikilisiyarmu ne ya jawo mana, wai mun yi sanyi a zakka da azumi. Uwata tana zaune, ta binne 'ya'ya biyu. Wannan magana ta fi yunwar hanya yi mini ciwo.

Fasto mai ritaya, Hong:
'Yata, wanda ya faɗa muku haka bai karanta Ayuba har ƙarshe ba. A sura 42 abokan nan uku masu neman laifin Ayuba su Ubangiji ya yi fushi da su, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. A Luka 13 ma Yesu ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. 'Yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014, yawancinsu 'ya'yan ikilisiyarmu, zakkar wa suka hana? Ku tuna kuma da Rabaran Lawan Andimi, wanda ya kasance shugaban CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, na Michika. A bidiyon da 'yan Boko Haram suka ɗauke shi bayan sun sace shi a Janairun 2020 bai yi alkawarin cewa lalle zai kuɓuta ba. Ya nuna cewa ko ya koma gida ko bai koma ba, yana hannun Allah. Kuma bai koma ba. Ni abin da na daina yi tun gudun nan shi ne yi wa mai makoki bayanin dalilin Allah. Nakan je, in zauna, in an kawo ruwa in sha.

Wani ɗan kasuwa, Mubi:
Ni ta hannun maƙwabcina Musulmi Allah ya fitar da ni. Shi ya buga mini ƙofa, ya cusa ni da iyalina a bayan motarsa ta ɗaukar kaya, ya rufa mana tabarma da buhuna. Da sojoji suka ƙwato garin a Nuwamba na dawo na tarar shago toka, amma awakina uku suna gidansa, ɗaya har ta haihu. Shi ma ya rasa ƙaninsa. Kada mu manta Sarkin Gwoza Idrissa Timta ma 'yan Boko Haram ne suka kashe shi a watan Mayun 2014. Shi ya sa da aka yi ta surutu a 2021 don Bishop Mamza ya gina masallaci a gidajen 'yan gudun hijira na Sangere-Marghi, ni ban ga abin faɗa ba.

Wata 'yar'uwa daga Lassa:
Yaya, na ji daɗi da ka samu irin wannan maƙwabci. Namu shi ya nuna gidanmu. Ina ƙoƙarin gafartawa, amma kada kowa ya gaggauta ni.

Wani manomi, Askira Uba:
Ni ba mai dogon zance ba ne. Mun dawo daminar 2015, rumbu ƙone, shanun huɗa babu, coci bango kawai ya rage. Aka ba mu irin masara da wake kaɗan. Matata ta ce mu ci, yara na jin yunwa. Na ce mu shuka. Mun yi musu sosai, ƙarshe muka raba biyu. Ranar da nake zuba irin nan a rami hannuna na rawa, don ban san ko za mu kai kaka a garin ba. Habakkuk 3:17 nake ta juyawa a raina, wurin da ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya zama wayam. Sujada kuwa a gindin bishiya muka yi ta. Wani dattijo ya ce kada mu ji kunya, ai a gindin tsamiya aka fara sujadar farko ta ikilisiyarmu a Garkida a 1923. Waken ya yi, masarar ba ta yi sosai ba.

Wata uwa daga Michika:
Baba Fasto, tunda kana nan bari in yi tambayar da na daɗe ina riƙewa. Dangin maigida suna so a yi masa sujadar jana'iza ko babu gawa. In na yarda, ba na yanke ƙauna ke nan ba? In na ƙi kuma, yaran suna rataye, ba marayu ba, ba masu uba ba.

Fasto mai ritaya, Hong:
'Yata, ba dole sai an kira ta jana'iza ba. Na taɓa yi wa iyalai irin naki sujadar miƙa shi ga Ubangiji, a raye yake ko ya huta, ba a haƙa kabari, ba a ce ke gwauruwa ce. Ki sami faston ikilisiyarku da dattawa, ki tafi da babban ɗanki, shi ma a ji ta bakinsa.

Wata uwa daga Michika:
Na gode, Baba. Yaron yana makaranta a Yola, sai hutun Kirsimeti zai zo. Zan jira shi, sannan mu kira ƙannen babansa mu zauna.