Dan Allah yaya ake gaisuwar sabuwar shekara da Holanci?

Sadiq_Wageningen:

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Holan. Dan Allah ina neman taimakonku. Na zo karatu Wageningen bana, to Holancin nawa bai wuce dank u wel da goedemorgen ba tunda a makaranta komai da Turanci ake yi. Akwai wani dattijo maƙocina da matarsa, mutanen kirki ne wlh, shi yake gyara min keke kyauta duk sanda ya samu matsala, to sun gayyace ni gidansu daren 31 ga Disamba, yace in zo mu yi "oud en nieuw" tare da 'ya'yansu da jikoki. Inaso in je in gaishe su da yarensu ba da Turanci ba saboda sun cancanci hakan. Me zan ce in na shiga, me zan ce in sha biyu ta buga? Sannan kwanan nan duk shagon da na shiga mai karɓar kuɗi sai ta faɗa min wata kalma mai tsawo in zan fita, bana kamawa sai dai in yi murmushi. Kuma naji ance ana sumbatar kunci kuma ana shan giya, ni kuma bana sha, ya zanyi ban ɓata musu rai ba?

Maman_Iman010:

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da zuwa ƙasar sanyi. Ka kyauta da ka tambaya, kuma dan Allah ka je, kar ka ƙi, ba kowa Baholande yake buɗe wa ƙofa a wannan daren ba, dare ne na iyali da abokai na kusa.

Abu na farko da zaka riƙe, gaisuwar kashi biyu ce, akwai ta kafin sha biyun dare akwai ta bayan sha biyu, kuma basa haɗa su. Kafin shekara ta shiga ana cewa fijne jaarwisseling ko prettige jaarwisseling, wato Allah ya sa a sauya shekara lafiya, ina kyautata zaton ita ce kalmar da ake faɗa maka a shago. Wasu kuma su ce goed uiteinde, fatan a ƙare shekara lafiya kenan. In Kirsimeti bata wuce ba zakaji fijne feestdagen, wannan ta haɗa bukukuwan duka. To sai agogo ya buga sha biyu sannan kowa ya miƙe a ce gelukkig nieuwjaar, barka da sabuwar shekara, ko a ce de beste wensen, fatan alheri. In ka shiga gidan ƙarfe tara ka ce gelukkig nieuwjaar ba wanda zai yi fushi amma zasu ji ka yi gaggawa, wasu tsofaffin ma basa son a faɗa kafin lokaci.

In wani ya riga ka faɗa sai ka mayar, ga dattijon da matarsa ka ce dank u wel, u ook, ga sa'anninka da yara ka ce jij ook. Akwai insgelijks, ita ma nufinta kai ma haka, tsofaffi suna jin daɗinta sosai in baƙo ya faɗa. Ka riƙa ce musu u har sai da bakinsu sun ce maka zeg maar je, kar ka fara jij da kanka ga wanda ya haife ka. Da shigarka ka ce bedankt voor de uitnodiging, na gode da gayyata, kuma ka isa a kan lokacin da suka faɗa, in sunce takwas to takwas ɗin suke nufi. Ka riƙo fure ko cakulan, ya isa.

Ranar 31 sunanta oudejaarsdag, darenta oudejaarsavond, 1 ga Janairu nieuwjaarsdag, duka biyun a haɗe shine oud en nieuw ɗin da maƙocinka ya faɗa, tsohuwa da sabuwa. Ka koyi ƙirge daga goma zuwa ɗaya dan da shi ake shiga shekarar, kowa na kallon agogo a talabijin ana ɗaga murya: tien, negen, acht, zeven, zes, vijf, vier, drie, twee, één.

Abinci kuwa ba makawa zaka haɗu da oliebollen, kusan fankenmu ne sai dai ya fi girma kuma ana barbaɗa masa garin sukari, poedersuiker, wani da zabibi a ciki, in mai sayarwa ya tambaye ka met of zonder to yana nufin da zabibi ko babu. Tun Nuwamba zakaga motocin masu suyar a bakin kasuwa, oliebollenkraam. Akwai appelbeignet da appelflap na tuffa. Amma ka tambaya, wasu gidajen suna zuba giya a ƙullin ko su jiƙa zabibin a barasa, ka ce zit er alcohol in? Ba abin kunya bane, mutanen nan sun fi son a faɗa musu magana kai tsaye. Tun yanzu ma ka gaya wa matar ik drink geen alcohol, ik eet geen varkensvlees, zata tanada maka lemo ko wanda suke ba yara, kinderchampagne, ruwan tuffa ne mai gas kawai. In ka ci ka ce lekker, in zaka tafi ka ce het was gezellig, wannan ita ce yabon da mai gida yake jira, nufinta zaman yayi daɗi an saki jiki da juna.

MalamBello_Enschede:

Hajiya ta gama magana, Allah ya saka da alheri. Ni furuci zan ƙara maka dan shi ne yake hana mutanenmu buɗe baki. Harafin g nasu ba g ɗinmu bane, daga maƙoshi yake fita, in ka yi Islamiyya to خ ce ta khairan, shikenan ka gama da abin da yake wahalar da Turawan Ingila. Gelukkig sai ka ce khe-lu-kekh, farko da ƙarshe duka خ, ƙarfin muryar a kan lu. J kuma y ce, nieuwjaar ka ce niu-yaar ka ja yaar ɗin. Fijne ka ce feine, ij ɗin tsakanin ai da ei take. Wensen a yammacin ƙasar suna haɗiye n ta ƙarshe, beste wense, mu nan gabas kuma n ɗin suke dannewa su haɗiye wasalin, duk wanda ka yi za a gane. Uiteinde ita ce mai wuya saboda ui babu irinta a Hausa, in ta ƙi ka bar ta ka riƙe fijne jaarwisseling.

Maganar sumba, al'adarsu sau uku ne a kunci, drie zoenen, tsakanin mata da mata ko mace da namiji, maza da maza hannu suke yi. Tun bayan korona abin ya ragu sosai, su kansu da yawa basa so. Kai dai ka yi saurin faɗin gaisuwarka da fara'a, ga maza ka miƙa hannu, ga mata in baka musabaha ka ɗora hannu a ƙirji ka ɗan sunkuya, amma ka sanar da dattijon tun kafin ranar dan kar matarsa ta miƙo hannu a gaban jama'a ta ji ka yarfa ta.

Sai kalmar vuurwerk, wasan wuta. Ɗan'uwa in baka taɓa gani ba zaka firgita, daga sha biyu sama da ƙasa duk ƙara da hayaƙi. A dokar da ake bi har ƙarshen 2025 ana sayarwa ne kwanaki uku na ƙarshen shekara, kuma ana kunnawa daga shida na yamman 31 zuwa biyu na dare, amma samari tun kwanaki kafin nan suke fasawa. Tun 2020 aka hana masu ƙara da masu tashi kamar roka, birane irinsu Amsterdam da Rotterdam sun hana gaba ɗaya, kuma a 2025 majalisa ta amince da dokar hanawa a duk ƙasar wadda ake sa ran zata fara aiki ƙarshen 2026. Dalili kuwa duk shekara sai an rasa idanu da yatsu, asibitin ido na Rotterdam cika yake a daren. In jikokin suka fita titi suka ba ka vuurwerkbril, gilashin kare ido, ka saka. Lambar gaggawa 112.

Mu nan ƙauyukan Overijssel da Drenthe har Groningen akwai carbidschieten, tsohuwar garwar madara ta ƙarfe suke zuba wa kabaid da ɗan ruwa su toshe bakin da ƙwallo su kunna, ƙarar har cikin ƙirji kake jinta, da rana ake yi a gonaki ranar 31.

Issoufou_Anvers:

Salam. Mu nan Beljik ɓangaren Flaman harshen ɗaya ne amma akwai ɗan bambanci, g ɗinsu tana da taushi ba kamar ta Holan ba, kuma tsofaffi zaka ji suna cewa zalig nieuwjaar, a kudancin Holan wajen Brabant da Limburg ma ana jinta wurin 'yan Katolika. Oliebollen ɗin mu nan smoutebollen ake ce mashi. Abin da ya fi burge ni shine nieuwjaarsbrief, ɗiya suna rubuta wasiƙa a lakwal kamin hutu, ranar 1 ga wata yaro ya tsaya gaban iyayenshi ko kakanni ko peter da meter nashi, wato uba da uwar baftisma, ya karanta da ƙarfi yana masu fatan alheri, su kuma su ba shi 'yan kuɗi. Ɗiyata ta karanta mana tata bara, mamanta hadda hawaye.

Amma Malam Bello ban yarda sumbar ta ragu ba, aƙalla nan wajenmu daren sabuwar shekara ukun nan suna nan daram, sauran ranaku ɗaya ake yi. To Sadiq ka shirya maganarka tun da wuri kamar yadda Malam yace.

Sadiq_Wageningen:

Kai jama'a na gode sosai, Allah ya bar zumunci. Anti na rubuta duka a takarda ina ta maimaitawa. Tambaya ɗaya ta rage, in mun koma makaranta a Janairu har yaushe zan ci gaba da ce wa mutane beste wensen? Kuma meye nieuwjaarsborrel, an turo mana saƙo daga sashenmu.

Maman_Iman010:

Wannan su kansu gardama suke a kai duk shekara. Mafi yawa sun tsaya a kan 6 ga Janairu, ranar Driekoningen, bikin Kiristoci na sarakuna uku, amma a wurin aiki duk wanda ka fara gani a makon farko ko na biyu ka ce masa de beste wensen nog, nog ɗin tana nuna kasan ka ɗan makara. In Janairu ta raba tsakiya ka bari haka. Mutum ɗaya sau ɗaya ake masa, ba kullum ba.

Nieuwjaarsborrel taron tsaye ne bayan aiki, shugaba ya ɗan yi jawabi a sha abu a ci cuku da bitterballen (soyayyun ƙwallaye masu nama a ciki), akwai lemo da ruwa kullum, ka je ko na rabin awa ne dan a nan ake sanin mutum. Tambayar da zasu yi ta maka ita ce heb je goede voornemens, wato wane ƙuduri ka ɗauka na bana, ka ce beter Nederlands leren, kaga ka samu masu koya maka kenan. In sun ɗaga kofi sunce proost ka ɗaga lemonka.

Wasu abubuwa biyu da zaka ji ana hira a kansu a gidan dattijon, rediyo zata kasance a kunne a kan Top 2000, jerin waƙoƙi dubu biyu da NPO Radio 2 take sakawa tun 1999 daga Kirsimeti har sha biyun daren 31, sannan a talabijin akwai oudejaarsconference, mai barkwanci ɗaya ya tsaya ya bi abubuwan da suka faru a shekarar, wannan ba zaka gane komai ba bana kar ka damu. Washegari kuma nieuwjaarsduik, dubban mutane da hula ruwan lemo su ruga cikin teku a Scheveningen da tsakar rana cikin wannan sanyin, in sun fito a basu snert, miyar wake mai kauri, ita kam da alade ake yinta ka kiyaye.

Baba_Alhassan_Bijlmer:

Ɗana abu ɗaya da ba a faɗa maka ba, ranar 31 shaguna da wuri suke rufewa, kuma jiragen ƙasa da bas mafi yawa wajen takwas na dare suke tsayawa, ka duba 9292, manhajar jadawalin jirgi da bas, kafin ka fita ko'ina, ka sayi burodinka da madara tun safe dan 1 ga wata kusan ko'ina a kulle. Kekenka ka shigar da shi ciki kar ka bari a titi. In mai kawo jarida ya ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan kati yana maka beste wensen, ɗan ihsani yake nema, ka ba shi yuro biyu ko abin da ya sawwaƙa. Kuma in sha biyu ta wuce aka fito waje, ba dattijon kaɗai zaka gaida ba, duk maƙwabtan layin suna tsaye a ƙofar gida, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, buurman ga namiji buurvrouw ga mace, gelukkig nieuwjaar buurman. Ka saka rigar sanyi mai kauri dan za a daɗe a tsaye.