Musayar waƙa: Kadunar da jikoki za su tarar

Malamin Unguwar Sarki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga abin da za mu yi wa baitoci wannan makon: Kadunar da muke so jikokinmu su tarar. Ƙwar huɗu ce, kowane baiti ya sauka a kan “-na”. Bismillah.

Da sunan Sarkin da ya yi ruwa,
Ya shimfiɗa ƙasa, ya ba ta inuwa,
Ya ba ɗan Adam tunani da baiwa,
Zan rera mafarkina na Kaduna.

Na hango gari bayan mun shuɗe,
Kogi garau, hanyarsa a buɗe,
Ba leda a kwalbati a cuɗe,
Masunta na cika kwanduna.

Daga Kawo har ka kai Kakuri,
Maɗaci da tsamiya sun yi jeri,
Mai tafiya ba ya neman sauri,
Inuwa ta raka shi har shaguna.

Kowane rufi da faifan sola,
Janareta ya tafi bola,
Ba mai kwana cikin wahala,
Fanka na juyi a ɗakuna.

Matatar mai ta zamo makaranta,
An share tsatsa da ƙazanta,
Yaran Rido suna karanta
Ilmin tatso wuta daga rana.

Alƙali ba ya duban hula,
Talaka da mai babbar daula,
Layi ɗaya, ba ƙulle-ƙulla,
Mudu ɗaya ne kowa zai auna.

Matatar da nake nufi ita ce tamu ta hanyar Kachia, wadda aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, ta kuma shafe shekaru ba ta tace ko kofi ɗaya ba. To, fili naku ne.

Maman 'Yan Biyu, Rigasa:
Wa'alaikumus salam Malam, sannu da mafarki. Ga tawa daga bakin murhu.

Malam, ka yi barci kan katifa,
Mafarkinka ya zo da sifa,
Ni ko tukunya na kafa,
Da me zan dafa tuwon 'ya'yana?

Gas ya yi tsada ya fi ƙarfi,
Bashin mai shago ya yi zurfi,
Na ɗauke silinda na sa murfi,
Gawayi shi ne gatana.

Na san daga daji ake kawo shi,
Na ga tirela tana sauke shi,
Kaɗanya aka sare don shi,
Na sani sarai, ba sai an nuna.

In kun ce mata su bar gawayi,
Ku sa mana gas a bakin layi,
Mai araha, ba na 'yan yayi,
Sannan ku yi mana wa'azin ɓarna.

Famfon layinmu ya bushe tuni,
Jarka na ƙara kuɗi bini-bini,
Gari mai kogi, wannan raini!
Mu kwan da ƙishi a Kaduna.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau kan komai, har buhun gawayin ma bai bar mu ba. Ba ƙin itace nake ba, Malam.

Tsohon Masaƙi, Kakuri:
'Yata, kin faɗi gaskiya. Malam, rabin abin da kake hangowa a gaba ni a baya na gan shi. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, a 1957 aka buɗe ta, zamanin Sardauna, wasu suka biyo bayanta har Kakuri ta zama garin kanta. A 2002 aka rufe ta, sauran ma suka bi ɗaya bayan ɗaya. A ɗaya daga cikin masaƙun nan ƙuruciyata ta ƙare, ba sai na kama suna ba.

Na ga Kakuri tana ganiya,
Asubar fari a busa jiniya,
Kekuna su cika hanya,
Albarkar shukar Sardauna.

Auduga ta zo daga Funtuwa,
Mu kaɗe, mu saƙa, ba hutawa,
Atamfa ta fita har kasuwa,
Albashi na shiga aljihuna.

Amma ruwan rini, ja da shuɗi,
Lambatun Makera ya sha da faɗi,
Ya kai wa kogi, muna ƙirga kuɗi,
Kifi ya mutu ba mai magana.

Yau injuna sun yi shiru,
Ciyawa ta fito a kan garu,
Masu bin haƙƙi kullum su taru,
Wasu sun shiga kabari da ƙuna.

In jikoki za su ta da masaƙa,
Kar su bar hayaƙi a shaƙa,
Su tace ruwa kafin su miƙa,
Ma'aikaci ya zam da rabo a injuna.

Ɗan Panteka:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni da Malam zan yi. Wai janareta ya tafi bola. Wace bola? Wurinmu zai zo, mu fiɗa shi, wayar jan ƙarfen daban, alminiyon daban.

Gwangwanin lemo, tsohon ƙarfe,
Mu narka shi tun da safe,
Kafin la'asar an zuba an shafe,
Ga tukunyar biki a hannuna.

Ba mu jira taro a otal ba,
Ba mu ci kuɗin wata ƙungiya ba,
Ba mu san Turancin abin ba,
Mun daɗe muna yi a rumfuna.

Amma yaron da ke bin shara,
Kwalba ta yanke shi ba ya ƙara,
In an yi sata shi za a fara
Kamawa, ko ba shi ya yi ɓarna.

Hajiya, murhu ne matsalarki,
Akwai mai rage cin gawayinki,
Ciki yumɓu, ƙarfe a jiki,
Ki zo ki gani a shagona.

Maman 'Yan Biyu, Rigasa:
Ɗan nan, an zo waƙa ka kawo talla. Nawa ne?

'Yar Sabon Tasha:
Salama gare ku duka. Baba Malam, a yi mini haƙuri, zan taɓo inda ake tsallakewa.

Baba Malam, ka shuka itace,
Kawo zuwa Kakuri a zance,
Amma ka haye gada a gurguje,
Ba ka faɗi abin da ke raina.

Tudun Wada aka yanke cibiyata,
Can na yi 'yar gala-gala da ƙawata,
Tuwon sallah na zuwa ƙofata,
Mu aika na Kirsimeti da rana.

Dubu biyu ta zo da gobara,
Muka ɗaure kaya, muka ƙetara,
Kogi ya zama katanga, ya tsara
Kudu da arewa cikin Kaduna.

Ambaliya ba ta tambayar addini,
In ta cika ba ta jin bayani,
Titin Kigo da Nasarawa, ka gani,
Duk ta kwashe musu buhuna.

Ni burina ba dogo ba ne,
'Yata ta kama haya ko'ina ne,
Mai gida bai tambaye ta wane ne
Ubanta ba, bai tsaya kan suna.

Bayan rikicin 2000 sai na 2002, sai na zaɓen 2011, kowane ya ƙara tura mutane ɓangarensu. Akwai yaran da aka haifa a nan da sun fi sanin Abuja a kan Tudun Wada, haka can ma akwai waɗanda ba su taɓa taka Sabo ba.

Makiyayi daga Ladduga:
Sannunku mutanen birni. Adda ta Sabon Tasha, maganarki ta shige ni, domin mu ma akwai inda ba ma iya bi yanzu.

Kun gina birni kun mance daji,
Wa zai ba ku nono da kaji?
Burtalin da nake wa magaji,
An nome shi, an kafa shaguna.

A da in manomi ya gama girbi,
Shi zai kira mu, mu biyo labi,
Shanu su ci kara bi da bi,
Su bar masa taki a gona.

Kamuku da dajin Birnin Gwari
Sun zama gidan masu kai hari,
An kwashe shanuna tun fari,
Sannan a gari a ce ni ne fitina.

Malam, cikin itacen ka sa gawo,
Da rani shi ke ba mu kiwo,
Da damina ganye ya zubo, ya kawo
Taki ga gero, bai tare rana.

Ɗan Keke, Mando:
Ina jiran fasinja na rubuta, a yi haƙuri da karin.

Yaya Malam, ina ka aje ni?
Keken nan ke ci da ni da wani,
Fetur ya cinye rabin wuni,
Balas ya cinye sauran kwana.

A ba mu keke mai cin caji,
Rumfar sola a tasha, mu ji
Daɗin aiki ba ƙarar inji,
Hayaƙi ya daina cin ƙirjina.

In ko rabon sai ɗan wane,
Mai uwa a gindin murhu ne,
To tsohon zane aka rine,
Ni dai ina nan da bashina.

Malamin Unguwar Sarki:
Madalla, haka ake so. Ardo, gawon da ka kawo shi ya buɗe mini baki. Maƙwabtanmu na Nijar, wajen Maradi da Damagaram, tun shekarun 1980 suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, su rage rassa su bar ɗaya ko biyu su girma. Sassaben zamani suke kiransa. Ana ƙiyasta itacen da suka dawo ta wannan hanya ya kai miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ba tare da an sayo irin dashe ba. Abin da ya tsayar da shi kuwa, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, ba na malamin daji ba. Wannan ce amsata ga Hajiya, gwargwadon iyawata.

Kun cika rigar mafarkina da faci,
Wannan gawayi, wancan ƙunci,
Ai dashen da ba shi da adalci,
Akuya za ta cinye shi bana.

Duk shekara a yi bikin dashe,
A ɗau hoto, shi ne ƙarshe,
Ba mai ban ruwa, duk su bushe,
Baɗi a sake kiran gwamna.

Amma kaɗanyar da ke hannun mata,
In man kaɗe na biyan buƙata,
Duk mai gatarin da ya kusance ta,
Zai sha muciya kafin ya ƙona.

Ruwan da ya bi ta ƙarƙashin gada,
Shiroro yake zuwa ya ta da
Injin wuta, amma ga tsada,
Masu kogin na duhu a ɗakuna.

Kogin nan tun daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa mu, ya je madatsar Shiroro a Jihar Neja mai megawat 600, kafin ya faɗa kogin Kwara. Ba namu mu kaɗai ba ne, abin da muka zuba masa wasu ke sha a ƙasa. 'Yata ta Sabon Tasha, naki baitin ba ni da amsarsa a waƙa. Sai dai in ce ƙofata a Unguwar Sarki a buɗe take, ki zo da 'yar taki.

Maman 'Yan Biyu, Rigasa:

Malam, na karɓi rabin zance,
Muciyata na nan a kwance,
Sauran rabin sai na gani a aikace,
Don ba ni da gona, haya ce gidana.

Matan ƙauye su riƙe kaɗanya,
Mu na birni ina hanya?
Ku ba mu fili gefen rijiya,
Mu sa zogale, mu ga ko za a hana.

Kai kuma Ɗan Panteka, har yanzu ba ka faɗi kuɗin murhun ba.

Ɗan Panteka:

Hajiya, ba a yin ciniki a waƙa,
Ki zo Panteka, ki duba ki zaƙa,
In kin taya, in ga zan iya miƙa,
In ban sallama ba, ki tsine wa gwangwanina.