Don Allah a taimaka, na rasa unguwa a alƙaluman ƙidaya

Rabi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana huɗu ke nan ina fama. Malaminmu ya ce in nemo yawan yara 'yan ƙasa da shekara biyar a unguwar Harlem ta New York. Da farko wata unguwa ya ba ni, ya canza, ana cikin haka kwamfutata ta mutu, na ari ta ƙawata wadda cajinta ba ya kai awa guda. Na sa Harlem a shafin Hukumar Ƙidaya ta Amurka, sai ga wani gari a Jojiya, wani a Montana. Shi ne na koma nema da lambar gidan waya, wato ZIP code da ake sawa a adireshi. Jibi zan miƙa, ko barci ba na iyawa.

Malam Tukur: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ajiye lambar nan. Ta masu raba wasiƙu ce, ba ta san iyakar unguwa ba. Sunan unguwa kuma a bakin mutane yake. Hukuma jiha ta sani, sai gunduma, sai tirak, yanki mai mutum 1,200 zuwa 8,000, da lambarsa mai alƙaluma 11. Buɗe taswira, ki ware tirak-tirak ɗin da suka faɗa cikin Harlem, ki tara.

Safiya: Malam, ai hukumar da kanta ta zana yankuna a kan lambobin gidan waya tun 2000. Mai kwana biyu a hannu ta yi da su.

Malam Tukur: Kwatankwaci ne kawai. Kada ki biye mata.

Aminu: Ni tirak ɗin ne ya cuce ni. Na gwama 2010 da 2020, na ga mutanen wani yanki sun ragu da rabi, ashe raba shi biyu aka yi saboda jama'a sun ƙaru. Mai duba aikina bai faɗa mini ba sai da na ɓata wata guda. Har yau abin na ci mini rai.

Rabi: Na gode, amma na riga na cike shafi shida. Kuma malamin bai ce tirak ba, unguwa ya ce.

Malam Tukur: To ki tambaye shi daga wane titi zuwa wane titi yake nufi. Wace shekara ma kike dubawa? Ƙidayar 2020, ko binciken da hukumar ke yi duk shekara a kan wani kaso na gidaje? A binciken, ƙiyasin shekara guda sai wurin da ya kai mutum 65,000. Ƙananan yankuna kuwa, bayanan shekara biyar ake haɗa musu.

Rabi: Bai faɗi shekara ba, kuma tun jiya bai amsa saƙona ba. Anti Safiya, lambobi nawa zan haɗa?