Wane suna za mu ba gas ɗin da ke fitowa daga rijiya?

1/ Jama'a, ku taya ni da wannan. "Iskar gas" muke ce wa abin da ke cikin tukunyar gas ɗin girkinmu, haka kuma muke kiran wanda za a turo ta bututun AKK, mai kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Alhali halinsu ya sha bamban.

2/ Na bututu, akasarinsa metan ne, da ɗan etan da furofan da butan. Nauyinsa bai wuce rabin na iska da kaɗan ba, in ya tsiyaya sama yake yi. Na tukunya kuwa furofan ne da butan, sun fi iska nauyi, ƙasa suke kwanciya kamar ruwan da ya malale.

3/ Abin da ya sa na damu: wata rana ƙanwata ta ji wari a kicin, ta buɗe ƴar tagar da ke can kusa da silin, ta tsaya jira ya fice. Gas yana kwance a ƙafafunta, ashana na kan kantar kicin. Allah ne ya tsare. Ƙofa ya kamata ta wangale. Warin ma da gangan ake zuba shi, don dukansu biyu ba su da wari a asali.

4/ Na ga wasu na rubuta "gas na ɗabi'a" in suna nufin na bututu, wato "natural gas" a Turance. Bahaushe in ya ji ɗabi'a, halin mutum yake tunawa. "Ɗanyen gas" ya yi, amma kafin a tace shi kawai, lokacin da yake haɗe da ruwa, wani ma da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ni dai na tsaya a kan GAS ƊIN RIJIYA. Mun saba da rijiyar mai, ba sai an yi bayani ba. Ɗayan kuma gas ɗin tukunya.

5/ CNG da ake sa wa motoci, gas ɗin rijiya ne da aka matse: matsattsen gas.

6/ LNG, shi ma gas ɗin rijiya ne, da ake lodawa a jirgin ruwa a Bonny ta jihar Ribas, don Allah kada mu ce "daskararre". Man shanu ke daskarewa da sanyin hunturu. Wannan sanyaya shi ake yi har digiri 162 ƙasa da sifiri, ya koma ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600. Ruwan gas ke nan.

7/ Ƴan uwa na Damagaram, ku da matatar Soraz ke kusa da ku, me masu cika tukunya suke ce wa gas ɗin a can?