Neman kalmar Hausa: me za mu kira "fatan" a harkar saƙa?

1/ 'Yan uwa masu saƙa, sannunku da aiki. Sanyi ya kusa, an fara neman hular jarirai da safa. Jiya ƙanwata ta ce in ba ta "fatan" ɗin hular da na saƙa wa ɗanta, sai wannan kalmar ta Turanci, wato "pattern", ta tsaya mini a rai. Sana'a tamu, hannu namu, a ce ba mu da sunan takardar da muke bi?

2/ Da na duba, abu biyu Turawa suka haɗa a kalma ɗaya. Akwai adon da ido ke gani a jikin saƙa, akwai kuma bayanin da ake bi har a fitar da ita: yawan ido (wato 'yan madaukan zaren da ke jere a kan allura), yawan layi, inda za a rage, inda za a ƙara.

3/ Na farkon ba ya buƙatar sabuwar kalma. Zane ne. Masu hula suna zana ta kafin a kai wa masu ɗinki, a babbar riga ma kowa ya san aska biyu da aska takwas. To a bar zane a inda yake.

4/ Na biyun ne ke da aiki. Wata ta ce "samfuri", amma samfuri abu ne da aka riga aka gama, a duba a kwaikwaya. "Tsari" ya yi faɗi, komai ma tsari ne. "Taswira" ta burge ni, sai dai ta fi dacewa da takardar nan mai gidaje-gidaje da ake bi idan za a haɗa zare kala biyu. Zan ajiye ta domin wannan.

5/ Ni dai "lissafin saƙa" na zaɓa, ga dalilina. Kan jariri sabon haihuwa wajen santimita 35 ne. Da yake saƙa tana miƙewa, sai in auna 32 domin hular ta kama kai. In fara saƙa ɗan gwaji, in ƙirga. Zaren ulu matsakaici da allura mai milimita 4 yakan ba da ido 22 a santimita 10, wato ido 70 ke nan. Idan bakin hular biyu-biyu zan yi, wato ido biyu a saƙa ta gaba, biyu ta baya, dole adadin ya rabu huɗu, sai in ɗauki 68 ko 72. Zaren ya fi kauri, ya ba da ido 18? In koma 56. Hula ɗaya, zane ɗaya, abin da ya sauya lissafi ne kawai.

6/ Wannan ne ya sa nake son kalmar ƙwarai. Mai jin "fatan" gani take doka ce daga waje da ba a taɓawa, shi ya sa hula ke fitowa kamar buhu, ta ɗauka hannunta ne bai iya ba. Wadda aka ce wa lissafi kuwa ta san za ta iya sake shi da zaren da ta samu a Kantin Kwari ko Sabon Gari.

7/ Kun ga ina ta cewa "ido". Daga idon raga na aro shi, ya kuma zauna mini a baki fiye da "ƙulli", tunda ba a ƙulla komai, zare ne ke ratsa zare.

8/ Yau na rubuta wa ƙanwata a takarda: "Lissafin saƙar hular jariri, ido 68." Ta karanta, ba ta tambaye ni ma'anarsa ba, ta ɗauki allura.