Me ya haɗa maganin ciwon damuwa da saurin inzali?

Magidanci:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na shekara uku ina fama da saurin inzali, kuma na sha magungunan basir da na sanyi iri-iri ba tare da na ga sauƙi ba. Da na je asibiti likita ya rubuta mini paroxetine, amma da na karanta takardar da ke cikin kwalin sai na ga ashe maganin ciwon damuwa ne, alhali ni ba ni da wannan larura. Shin kuskure aka yi, ko kuwa akwai dalili?

Mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba kuskure ba ne. Paroxetine da danginsa, irin su sertraline da fluoxetine, suna ƙara yawan sinadarin serotonin tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, shi kuwa wannan sinadari yana ja wa inzali birki. Tun asali masu shan su saboda damuwa ne suka riƙa kukan cewa ba sa kawowa da wuri, sai likitoci suka mayar da wannan illa ta zama magani ga masu irin larurarka. Ana shan sa kullum, kuma yakan ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin aikinsa ya kankama, saboda haka kada ka yanke masa hukunci a daren farko. Za ka iya jin tashin zuciya, kasala ko yawan zufa a kwanakin farko, wasu kuma sha'awarsu takan ragu ko gabansu ya yi rauni. Abin da na fi ja maka kunne a kai shi ne kada ka daina sha kwatsam, domin hakan na jawo jiri da rashin barci. Likita ne zai riƙa rage maka shi a hankali.

Ɗan Zariya:
Ni dapoxetine aka ba ni, wanda aka fara amincewa da shi a Turai a 2009 musamman don wannan matsala. Ba kullum ake sha ba, sai awa 1 zuwa 3 kafin a kusanci iyali, kuma ba a maimaita shi cikin awa 24. Ya yi mini aiki, sai dai da na ajiye shi abin ya dawo.

Mai harhaɗa magunguna:
Haka yake, galibi suna danne larurar ne muddin ana shan su. Sannan ina roƙonku ku nisanci tramadol da wasu ke saye a kemis don wannan buƙata, domin baya ga kama jiki da yake yi, haɗa shi da waɗannan magunguna na iya sa serotonin ya yi yawa har a kai ga zazzaɓi mai zafi da jijjiga. Malam, idan kai da uwargida kuna neman haihuwa, ka sanar da likitanka, saboda paroxetine na iya shafar ingancin maniyyi.

Magidanci:
Allah Ya saka da alheri. Muna nema kuwa, don haka zan koma asibiti ranar Litinin kafin na fara sha.