Abin da aka tattauna kan neman gurbin SIWES a Kano

SIWES shi ne shirin horon aiki da ɗaliban manyan makarantu ke zuwa yi a masana'antu da ma'aikatu. Ga abin da na tsinto daga bakin jama'a kan neman gurbinsa:

1. Kowa ya yarda a fara nema tun kafin a gama jarrabawa. Guraben masana'antun Bompai, Sharaɗa da Chalawa ba sa jiran mai jinkiri.

2. Ka kai takardar makaranta da kanka, da sassafe. Ka gaida maigadi cikin ladabi, sau da yawa shi ke nuna ƙofar da ta dace.

3. Littafin aiki, wato wanda ake rubuta aikin da aka yi a wurin horon, a cike shi kullum, mai kula da kai ya sa hannu duk mako. Nan nake ƙara jan kunne, domin jami'an ITF, hukumar da ke kula da shirin SIWES, na dubawa.

An rabu kan kuɗi. Wasu sun ce a bi inda ake ba da na mota, wasu suka ce gara inda za a bar ka ka taɓa injin da hannunka.